Yadda Za Ka Yi Alƙalancin Ƙwallon Kwando Ba Tare da Ka Ga Komai Ba

Ɗan'uwa, idan idonka ya fara yi maka gardama har ba ka iya bambance ƙwallo da sanƙon mai riƙe da ita, amma zuciyarka ta ƙi rabuwa da usur, to ka kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Na ɗaukar maka alkawari: bi matakan nan takwas, za ka hukunta kowane turi, kowane riƙo, kowane dukan hannu, ba tare da ka ga ko ɗaya ba, a kuma tashi wasa ana yaba maka.

Ba labari aka ba ni ba. Maƙwabcina Skirmantas ya shekara uku yana yin haka a gasar tsofaffi ta gundumarmu, kuma ni ke kai shi zauren makaranta a motata kowace Asabar. Ni ne kuma ɗan wasa na goma sha ɗaya a ƙungiyar 'yan injin katako, wato mazaunin benci na dindindin. Duk duniya babu wanda ya kai ɗan benci sanin doka.

Mataki na 1: Ka musanta

Abu na farko, idonka lafiya lau yake. Fitilun zauren ne suka rage haske. Layukan filin ne suka koɗe. 'Yan wasan yanzu ne ke sa riguna masu kama da juna.

Yanar ido ce ta rufe wa Skirmantas ido biyu, kuma ya sani sarai. Likitar garinmu ta gaya masa aikin minti ashirin ne a asibitin birnin Kaunas, a dawo da shi gida ya ci abincin rana. Ya yi mata godiya, ya naɗe takardar, ya cusa ta ƙarƙashin ƙafar teburinsa mai girgiɗi. Tsoro yake ji, ba wani abu ba. Mahaifinsa ya shiga asibiti da ido ɗaya a wancan zamanin, ya fito babu ko ɗayan, kuma duk bayanin da za ka yi masa cewa zamani ya canja, sai ya ce wuƙa dai ba ta canja ba.

Ga kuma abin da ya fi tsoro. Dokar gasarmu ta ce alƙalin da ba ya gani ya mayar da usur. Shi kuwa shekara talatin da huɗu ke nan usur ɗin na rataye a wuyansa. Ranar Litinin tsohon ma'aikacin gidan waya ne da ba wanda ke tambayarsa ko ƙarfe nawa. Ranar Asabar kuwa, ya ɗaga yatsa ɗaya, ƙarti goma su tsaya cak. Ka raba shi da wannan, ka raba shi da dalilin aske gemu.

Saboda haka, kada ka sa tabarau. Tabarau amsa laifi ne.

Mataki na 2: Ka zaɓi tsofaffi

Kada ka kuskura ka gwada dabarar nan a wasan matasa. Nemi waɗanda suka haura hamsin, waɗanda suka koyi wasa tun lokacin da doka ta ce duk wanda ya yi laifi ya ɗaga hannu sama, mai rubutu a tebur ya gan shi.

An daɗe da daina tilasta wannan, amma ba wanda ya sanar da kafaɗunmu. Koci ya dasa mana ita da tsawa tun muna 'yan shekara tara. Har yau idan mai gadin tashar jirgi ya busa usur, sai ka ga wani dattijo a bakin layin dogo ya cilla hannu sama, sannan ya wayance da sosa ƙeya. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Wannan hannun shi ne idonka. Fuska ba ka gani, lamba ba ka gani, amma hannun ƙato a miƙe, ko a cikin hazo ana ganinsa.

Mataki na 3: Ka busa da ƙarfi, sannan ka jira

Da ka ji tim, ko wani ya yi nishi, ko an ambaci uwar wani, busa. Kada ka yi busar mai neman izini. Yi irin wadda za ta sa tattabarun rufin su tashi.

Daga nan sai ka ɗaure fuska, ka juya wajen da hayaniyar ta fito, ka ƙirga uku a zuci. Kafin ka kai uku hannu zai tashi. Nuna shi da yatsa kamar tun jiya ka san shi ne, ka girgiza kai irin na uban da ɗansa ya ba shi kunya, ka ce, "Haba, kai da girmanka."

Kalmomin nan huɗu sun dace da kowa a gasarmu, shi ya sa ba ka bukatar suna.

Mataki na 4: Ka haddace doka ɗaya, ka riƙe ta da kyau

Littafin doka ya fi shafi ɗari. Kada ka wahalar da kanka, guda ɗaya ta ishe ka.

Kowane ɗan wasa yana da gidansa. Gidan ya faro daga inda ƙafafunsa suke, ya miƙe sama har rufi, faɗinsa faɗin jikinsa. Idan mai tsaro ya riga ya kafa ƙafa biyu yana fuskantar mai ƙwallo, mai ƙwallo ya zo ya bangaje shi, to mai ƙwallo ne ya shiga gidan mutane ba sallama. Idan kuwa mai tsaron ne ya yi latti, ya kutso da kafaɗa ko ƙugu bayan mutum ya riga ya tashi sama, tare hanya ya yi, laifin nasa ne. Shi ke nan. Duk rigimar da ta raba abokai a ƙasar nan ta Lituwaniya tun kafin a haife ni, a kan wannan take: wa ya riga wa isa.

Skirmantas ya iya rera ta kamar addu'ar cin abinci. Na tuna ranar da kyaftin ɗinmu Eimutis, mai gidan burodi, ya zo masa da ƙorafi.

"Alƙali, don Allah me na yi? Ina tsaye a gidana!"

"Gidanka ya yi faɗi, Eimutis. Tumbinka ya shiga gonar maƙwabci."

"To tumbin ba nawa ba ne?"

"Naka ne, shi ya sa laifin ma naka ne. Rage curin dankali, ka ga ko zan sake kiranka."

Lura da kyau: tumbin Eimutis ba sai da ido ake saninsa ba.

Mataki na 5: Ka ɗauki kunne da hanci aiki

Dukan ƙwallo dum yake yi, dukan hannu tas. Wanda aka riƙe wa riga yana da irin nasa zagin, wanda aka taka ma haka. Hanci kuwa shi zai gaya maka wa ke kusa: wannan garin katako, wancan madara, wancan kuma ya biya ta wurin soyayyen burodi da tafarnuwa, ya ce wa matarsa wai ɗumama jiki ya je.

Gajeren mataki ne, amma kada ka raina shi.

Mataki na 6: Ka kiyayi sakatariya

A kowace gasa akwai mace guda da ke karanta doka da gaske. Tamu Laimute ce, tsohuwar malamar lissafi, wadda rabin 'yan wasan nan sun taɓa tsayuwa a gaban allonta suna zufa. Ita ke raba usur, ita ke karɓewa.

A watan Fabrairu wani ya rataye doguwar rigar sanyinsa a ƙusa, dab da layin fili. Ana tsakar wasa Skirmantas ya busa, ya nufi rigar, ya ce mata ta matsa baya. Riga ta yi shiru. Ya sake gargaɗi. Riga ba ta motsa ba. Ya ce wannan raini ne, ya ba ta laifin rashin ɗa'a.

Ni na cece shi, kuma ina so tarihi ya san haka. Na tashi daga benci na ce, "Alƙali ya yi daidai! Sau nawa za a ce a daina rataye kaya a bakin fili?" Skirmantas ya ɗauka daga nan, ya yi wa'azin minti biyar a kan hatsarin ƙusa. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

Amma Laimute ba a yi mata wannan. Bayan wasa ta tare shi a bakin ƙofa, ina riƙe da jakarsa.

"Skirmantas, yatsu nawa ne nan?"

"Ranki ya daɗe, na bar ajinki shekara arba'in da suka wuce."

"Ban taɓa koyar da kai ba, sa'ana ne kai. Yatsu nawa?"

"Ba na amsa tambaya a bakin ƙofa, ba kyau."

Ta sauke hannu. Ba fushi a muryarta, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ta ce, "Ranar wasan ƙarshe zan zauna a tebur da kaina. Hukunci ɗaya ka yi wanda ya nuna ba ka gani, ka ajiye mini usur ɗin kafin ka fita. Ba na so, amma wata rana wani zai karye."

Darasi: idan an ɗaga maka yatsu, ka ce uku. Yawanci uku ne.

Mataki na 7: Ka yi addu'a kada kowa ya dawo daga Norway

Abokan karawarmu a wasan ƙarshe 'yan kamfanin madara ne na tsallaken kogi. Mun san su, sun san mu, ƙannenmu mata suna aure a gidajensu. Sai ga shi a tsakiyar kakar wasa sun samo Rolandas, wanda ya shekara ashirin da biyu yana yankan kifi a Norway, ya dawo da sabbin haƙora da takalma masu tsadar saniya.

Rolandas ba mugu ba ne. Wasan dai a talabijin ya ci gaba da koyonsa. Ka taɓa shi da ɗan yatsa, ya zube yana birgima. Ya ture ka da gwiwar hannu, ya buɗe tafuka yana kallon rufi, wai shi me ya yi. Ɗaga hannu kuwa, cewa ya yi wannan al'adar mutanen da ce, a ƙasashen da suka ci gaba aikin alƙali ne ya gani.

Mutum ɗaya irin wannan ya isa ya rushe maka matakai shida.

Mataki na 8: Idan hannu bai tashi ba

A nan ilimina ya ƙare, sai dai in gaya maka abin da ya faru.

Asabar ta ƙarshe a watan Afrilu, ƙarfe biyu na rana, zauren ya cika har kan tagogi. Kofin yana kan tebur kusa da gwiwar hannun Laimute. Shekara tara rabonmu da shi, kuma Eimutis ya riga ya share masa wuri a tagar gidan burodinsa, tsakanin kek da burodin hatsi.

Saura daƙiƙa huɗu, muna gaba da maki ɗaya. Eimutis na da laifi huɗu, ɗaya ya rage a kore shi. Tun hunturu gwiwarsa ta hagu ke ɗaure cikin wani abin ƙarfe mai ƙara ƙiiƙ, ƙiiƙ a kowane taku, kamar ƙofar rumbun da ba a sa wa mai. Rolandas ya karɓi ƙwallo ya taho a guje. Eimutis ya ja tumbinsa ya je ya kafe a gabansa. Rolandas ya tashi sama, tim! Duka biyun suka zube, ƙwallo ta yi nata wuri.

Skirmantas ya busa. Ya ɗaure fuska. Ya juya.

Daga benci ina ganin leɓensa yana ƙirga. Ɗaya. Biyu. Uku. Rolandas na kwance yana riƙe da haƙarƙari, yana leƙen alƙali ta gefen ido. Huɗu. Biyar. Laimute ta ajiye alƙalaminta, ta ɗora hannu bisa hannu. Duk wanda ke zauren ya ga Eimutis ya riga isa, har jikata mai shekara shida ta gani. Mutum ɗaya ne bai gani ba, shi ne kuma ake jira. Na tausaya masa har na kasa kallonsa.

Sai Eimutis, yana zaune a ƙasa, ya ɗaga hannu.

Ka san ma'anar wannan? Laifi na biyar, waje. Jifa biyu ga Rolandas, wanda ba ya kuskure daga layin. Kofi ya tsallaka kogi. Amma wanda ya amsa laifi da kansa, wace sakatariya ce za ta ce alƙali bai gani ba?

"Eimutis, ka haukace?" in ji wani daga cikin 'yan kallo. Matarsa ce.

Skirmantas ya ɗaga yatsa zai nuna, kamar yadda ya saba. Yatsan ya tsaya a hanya. Ya tako a hankali har inda mutumin yake zaune.

"Sauke hannunka."

"Ni ne, Alƙali. Na yi latti."

"Ƙarya kake yi, mai burodi. Gwiwarka ta daina kuka tun kafin wancan ya bar ƙasa. Taku biyu na ƙirga masa bayan ta yi shiru." Ya juya wajen tebur, ya dunƙule hannu ya buga a tafinsa, muryarsa har bakin titi. "Bangaza! Laifin mai ƙwallo! Ƙwallo ta 'yan katako!"

Rolandas ya warke nan take ya miƙe. "Da kunne ake alƙalanci a garin nan?"

"Da kunne aka kama ka," in ji kyaftin ɗinsu. "Yi mana shiru, ɗan Norway."

Muka jefa ƙwallo, daƙiƙa huɗu suka wuce, zauren ya kece. Laimute ta taso ta miƙa wa Skirmantas hannu a gaban kowa.

"Ka yafe ni. Hukuncin nan ko a Kaunas sai haka. Riƙe usur ɗinka."

Ka ga, ɗan'uwa, dabara ta ci. Da nan labarin ya tsaya, da na sayar da matakan nan da tsada. Amma Skirmantas bai saki hannun Eimutis ba, ya ja shi gefe, ni kuma na bi su da jaka.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kada ka mayar da ni yaro. Mutum ba ya koyon ƙaryar ɗaga hannu rana ɗaya."

Eimutis ya dube ni. Ni kuma na dubi takalmina, don ni na kira taron. Shekara uku da suka wuce ne, a ɗakin wankan tururi na bayan gidana, ƙungiyoyi shida duka, kowa da tawul. Muka yi yarjejeniya: duk lokacin da ya busa, mai laifi ya ɗaga hannu da sauri, idan kuwa babu mai laifi, wanda ya fi ƙarancin laifi ya ɗauka. Rolandas kaɗai ba ya nan, yana can da kifinsa.

"Shekara uku," in ji Eimutis.

"Har waɗanda ba ku yi ba?"

"Ni kaɗai na amsa goma sha ɗaya," na ce. "Ɗaya ma ina benci ina ɗaure takalmi."

Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya daɗe a tsaye yana murza usur ɗin a hannu.

"Ni ina nan ina cewa na iya aiki," ya ce, "ashe sadaka kuke ba ni. Yau kuma har da kofi."

Eimutis ya ce, "Ba sadaka ba ce, Skirmantas. Wa zai ce mini tumbina ya shiga gonar maƙwabci?"

Ya cire igiyar daga wuyansa, ya lalubi hanya zuwa tebur, ya yi karo da kujera, bai kuma ɗora wa kujerar laifi ba. Ya ajiye usur a gaban Laimute.

"Ajiye mini wannan. Yatsunki na ranar nan, ko hannun ban gani ba." Sannan ya juyo wajena. "Maƙwabci, motarka za ta kai Kaunas?"

Ta kai. Duk hanya yana riƙe da hannun ƙofa kamar mai shirin dira, sau biyu yana cewa in juya, ni kuma na ce kunnena ya fara yi mini gardama.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba alƙali ba ne, kuma rabonsa da jefa ƙwallo a kwando tun kafin a canja kuɗi. Duk wanda ya bi matakan nan ya hukunta riga, ko ƙusa, ko surukinsa, shi ya jiyo. Ba ruwana da kofin da ya tsallaka kogi, ko matar da ta daina magana da mijinta, ko sakatariyar da ta ɗaga yatsu huɗu.

Musamman kuma, ba ni da alhakin abin da zai biyo baya idan abokanka suka sa ka je aka gyara maka ido. Skirmantas ya dawo a watan Satumba, ya karanta wa Laimute ƙananan rubutun jikin kwalbar ruwanta daga nesa, ta mayar masa da kayansa. A wasan farko ya busa laifi hamsin da takwas, aka ƙare da mutum uku-uku a fili, har ni sai da aka sa. Yanzu akwai masu cewa a sake kiran taro a ɗakin tururi.

Ba ni kuma da alhakin abin da kai za ka gani. Ranar wasan farkon nan, kafin a fara, ya shigo zauren ya tarar da mu a jere muna jiransa. Ya tsaya ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, furfura, da sanƙo, da gwiwoyi a ɗaure, ya daɗe a kan fuskar Eimutis.

"Kai," ya ce a hankali. "Ashe haka kuka tsufa?"

Ya yi sauri ya sa usur a baki, ya busa, mu goma sha ɗaya muka ɗaga hannu.